Anne Boleyn: Da Gaske Ta Aikata Abin da Aka Fille Mata Kai a Kansa?

Wata 'yar'uwa ta aiko da tambaya: "Malam, na ji labarin Anne Boleyn, matar Sarkin Ingila Henry na 8, wadda ya sa aka fille wa kai. Da gaske ta ci amanar aurensa kamar yadda aka ce? In ya gaji da ita, me ya hana shi sakinta kawai? Kuma me ya sa har yau ake ambatonta?"

Malama, bari in fara gaya miki inda na tsaya kafin in kawo hujjoji. Ban yarda Anne Boleyn ta aikata abin da aka tuhume ta da shi ba, kuma yawancin masana tarihin da suka zauna suka bi takardun shari'ar ɗaya bayan ɗaya a nan suka tsaya. An kashe ta ranar 19 ga Mayu 1536 ne saboda sarki ya gama da ita, kuma a lokacin babu wata kotu, ko malamin addini, ko dangi mai ƙarfi da ya rage wanda zai iya ce masa a'a. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, ita kanta tana cikin waɗanda suka taimaka aka kawar da masu iya taka masa birki, don a samu hanyar ɗaura aurenta.

Daga maganar sakin nan ya kamata mu faro. A Turai ta wancan zamani, ƙarƙashin cocin Katolika, mace ɗaya namiji ke aura, kuma in aure ya ɗauru babu saki sai mutuwa. Ƙofa ɗaya ce tal: kotun coci ta bincika ta ce auren tun asali bai ɗauru ba. In kuwa shari'ar ta sarakuna ce, Fafaroma ke da maganar ƙarshe. Henry ya hau gado a 1509, a shekarar ya auri Catherine, 'yar sarakunan Sifen, wadda a da matar yayansa Arthur ce kafin ya rasu a 1502. Sai da Fafaroma ya ba da izini na musamman kafin a ɗaura. Catherine ta yi ciki aƙalla sau 6. Ɗa namijin da ta haifa a 1511 kwana 52 ya yi a duniya. Mary kaɗai, wadda aka haifa a 1516, ta rayu.

Tsoron Henry na rashin magaji namiji ba na ƙarya ba ne. Gidansu na Tudor sabon gida ne a sarauta. Da yaƙi mahaifinsa ya karɓi gadon a 1485, bayan shekara kusan 30 ana zubar da jini a kansa. Mace ba ta taɓa zama daram a gadon Ingila ba, kuma da aka gwada da Matilda a ƙarni na 12, yaƙin basasa ya biyo baya. Sai ya kama wata aya ta Littafi Mai Tsarki a Littafin Firistoci, sura 20 aya 21, mai cewa wanda ya auri matar ɗan'uwansa za su ƙare ba 'ya'ya, ya ce hukuncin Allah ne ke kansa. Catherine kuwa ta rantse cewa Arthur bai taɓa saninta 'ya mace ba, kuma ba ta sauka daga kan wannan magana ba har ta bar duniya.

Ita Anne ba 'yar sarki ba ce, amma ba 'yar talakawa ba ce kamar yadda maƙiyanta suka riƙa yaɗawa. Mahaifinta Thomas Boleyn jakada ne gwanin Faransanci, mahaifiyarta kuma 'yar gidan Howard ce, masu riƙe da sarautar Norfolk. An haife ta wajen 1501, wasu masana na cewa 1507, ta tashi a Hever cikin lardin Kent. A 1513 aka kai ta fadar Margaret ta Ostiriya a Mechelen, cikin Beljiyam ta yau, daga nan ta wuce Faransa inda ta yi kusan shekara 7 tana hidimar Sarauniya Claude. Wajen ƙarshen 1521 ta dawo gida, ta shiga cikin matan da ke hidimar Sarauniya Catherine. Wani ɗan Venis da ya gan ta a 1532 ya rubuta cewa ba ta cikin mafi kyawun mata: matsakaiciyar tsawo, ba fara sol ba, mai dogon wuya, sai baƙaƙen idanu masu kyau. Abin da ya fitar da ita daban shi ne wayewa, da iya ado da rawa da kiɗa, da kaifin ƙwaƙwalwa, da kuma kaifin harshe.

Ta so wani saurayi, Henry Percy, magajin sarautar Northumberland, amma Kadinal Wolsey, babban malamin coci wanda shi ke juya ƙasar a madadin sarki, ya raba su. 'Yar'uwarta Mary kuwa ta taɓa zama dadiron Henry, ya gama da ita ya ajiye. Da hankalinsa ya juyo kan Anne wajen 1526, sai ta ƙi. Wasiƙun soyayya 17 da ya rubuta mata da hannunsa suna nan a ɗakin karatu na Batikan. A ɗaya daga ciki ya yi mata alkawarin ita kaɗai za ta zama dadironsa, duk da haka ba ta amsa ba sai da maganar ta koma ta aure a 1527. Wasu na cewa dabara ce ta jan aji. Ni a ganina macen da ta ga yadda aka yi da 'yar'uwarta tana da dalilin ƙi, kuma da ta ga ƙofar sarauta ta buɗe ta nemi shiga da ƙarfinta. Duka biyun gaskiya ne.

Fafaroma ya saba warware wa sarakuna irin wannan ƙulli, amma Henry ya zo a mummunan lokaci. A watan Mayu 1527 sojojin Sarki Charles na 5, mai mulkin Sifen da Jamus da ƙasashe da dama, suka washe birnin Rum, Fafaroma Clement na 7 ya zama kamar fursuna a hannunsu. Catherine kuwa ƙanwar mahaifiyar Charles ce. An zauna kotu a Landan a 1529, Catherine ta durƙusa gaban mijinta a bainar jama'a ta roƙi adalci, ta ɗaukaka ƙara zuwa Rum, wakilin Fafaroma ya ɗage zaman, ba a sake komawa ba. Abin ya kai har jakadan Henry a Rum ya rubuto a 1530 cewa Fafaroma ya raɗa masa ko za a bar sarki ya zauna da mata biyu. Wannan ba ta biya wa Henry buƙata ba, domin ɗan da ba wanda zai yi jayayya da halascinsa yake nema. Wolsey ya rasa muƙaminsa saboda gazawar nan, ya mutu a 1530 a hanyar zuwa Landan amsa tuhumar cin amanar ƙasa.

A nan ne hannun Anne ya fi fitowa a tarihi. Tana cikin masu ra'ayin gyara a coci: tana karanta Littafi Mai Tsarki da Faransanci, tana son talaka ya karanta shi da harshensa, tana kuma ba da mafaka ga waɗanda ake farauta saboda littattafan da aka haramta. Kwafinta na Sabon Alkawari na 1534, fassarar William Tyndale zuwa Turanci, yana nan a babban ɗakin karatu na Birtaniya. An kuma ruwaito ita ce ta miƙa wa Henry wani littafin Tyndale mai cewa sarki ba ya ƙarƙashin kowa sai Allah, Fafaroma ba shi da iko a kansa. Kada ki ɗauka ta bar duk aƙidun Katolika. Har ranar mutuwarta tana ikirarin zunubi gaban limami tana karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da ake ci a ibadar coci. Amma wannan ra'ayi na cewa sarki shi ne wuƙa shi ne nama a ƙasarsa, ita da mutanenta suka shayar da Henry shi, kuma ya sami mai shiryawa a dokance, lauya Thomas Cromwell, da mai albarkatawa a coci, Thomas Cranmer, wanda na kusa da gidan Boleyn ne.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A Satumba 1532 ya ba ta sarautar Pembroke ta ƙashin kanta. A Janairu 1533 aka ɗaura aure a ɓoye, tana da ciki. Majalisa ta yi dokar hana ɗaukaka ƙara zuwa Rum. Ranar 23 ga Mayu, Cranmer, wanda ya zama Akbishop na Canterbury, wato babban limamin cocin Ingila, ya ce auren Catherine bai ɗauru ba. Ranar 1 ga Yuni aka naɗa Anne a Westminster da kambin Waliyyi Edward, wanda a al'ada mai mulki ake ɗora wa. Mutanen Landan ba su yi wata murna ba, domin Catherine suke so. Ranar 7 ga Satumba ta haihu a Greenwich. An riga an rubuta wasiƙun albishir da sunan yarima, sai da aka bi su aka gyara. Mace ce, Elizabeth.

A 1534 Majalisa ta yi dokoki uku da ya kamata ki riƙe. Ta farko ta tilasta rantsuwa cewa 'ya'yan Anne ne magada. Ta biyu ta ce sarki ne shugaban cocin Ingila. Ta uku ta faɗaɗa cin amanar ƙasa har ya haɗa da magana: wanda ya furta fatan cutarwa ga sarki, ko bai ɗaga hannu ba, kansa ya halatta. A wannan yanayi aka fille kan Bishop John Fisher da Thomas More a 1535. Ba zan wanke Anne a nan ba. Don tsare aurenta aka yi dokokin, kuma ba ta ji tausayin Mary 'yar kishiyarta ba, wadda aka sheganta aka tura gidan jaririya Elizabeth a Hatfield ƙarƙashin kulawar goggon Anne. Sai dai yawancin labaran muguntarta daga alƙalamin Eustace Chapuys, jakadan Charles, suka fito, mutumin da dadiro yake kiranta a wasiƙunsa. Kuma bayan an binne Anne, Henry bai sassauta wa Mary ba, sai da ya tilasta mata ta sa hannu a Yuni 1536 cewa auren iyayenta haramtacce ne. Wannan ya nuna wanda ke da asalin taurin zuciyar.

Cikin Anne na biyu ya lalace a 1534. Sai Janairu 1536 ya zo da abubuwa uku a jere. Ranar 7 Catherine ta rasu. Ranar 24 Henry ya faɗo daga doki a wasan sukuwa da māsu. Ranar 29, ranar da ake binne Catherine, Anne ta yi ɓarin ciki na wata uku da rabi, wanda aka ce namiji ne. Mutuwar Catherine da ta yi kama da sauƙi ga Anne, ita ce ta bar ta ba kariya. Muddin Catherine na raye, in Henry ya ajiye Anne, duniya za ta ce ya koma wa uwargidansa. Yanzu kuwa a idon Katolika shi gwauro ne da matarsa ta mutu. Idonsa kuma ya riga ya faɗa kan Jane Seymour, ɗaya daga masu hidimar Anne, wadda 'yan'uwanta da magoya bayan Mary ke koya wa yadda za ta yi da shi.

A lokacin ne kuma Anne ta ɓata da Cromwell. A Maris 1536 aka yi dokar rufe ƙananan gidajen 'yan zuhudu, waɗanda kuɗin shigarsu bai kai fam 200 a shekara ba. Cromwell baitulmalin sarki yake so dukiyar ta shiga, Anne kuwa makarantu da taimakon matalauta. Ranar 2 ga Afrilu, limamin da ke raba sadakarta, John Skip, ya yi wa'azi a gaban fada duka kan labarin Littafi Mai Tsarki na Sarauniya Esta da mugun waziri Haman wanda ya ƙare a rataye. Ba wanda bai gane da wa ake ba. Cromwell kuma yana neman sulhu da Charles, Anne kuwa Faransa take jingina da ita. Bayan komai ya lafa, shi da bakinsa ya gaya wa Chapuys cewa shi ya zauna ya tsara al'amarin ya ƙulla shi.

To me ya sa ba a tsaya ga warware auren ba? Domin Henry ya ɗanɗana abin da tsohuwar mata mai rai ke iya yi. Catherine ta hana shi sakat shekara da shekaru. Anne ta fi ta baki, tana da ɗan'uwa mai wayo, George, tana da mutanenta a cikin ɗakin sarki, kuma an naɗa ta da kambi. In tana raye, za a yi ta jayayya da halascin duk ɗan da Jane za ta haifa. Shi ma Cromwell ya ga yadda Wolsey ya ƙare. Ya san in ya taɓa ta ta tashi, nasa wuyan ne.

Abin da ya rage shi ne hujja, kuma bakin Anne ne ya ba su. A fadojin Turai akwai al'adar da fadawa ke yi wa sarauniya waƙoƙin bege da kalaman yabo, ita kuma ta mayar da raha, kowa ya san wasa ne. Anne ta ƙware a wannan, amma takan zarce. A ƙarshen Afrilu ta yi cacar baki da Henry Norris, wanda ke kula da ɗakin sarki kuma ba wanda ya fi shi kusa da jikinsa. Ta tambaye shi me ya sa yake jan ƙafa a auren wata 'yar danginta da yake nema. Da ya ce zai ɗan jira, sai ta ce gadon mamaci yake jira, in wani abu ya sami sarki ita zai nema. Norris ya firgita ya ce in ya taɓa irin wannan tunani gara a cire masa kai. Ita ma nan take ta gane ta yi ɓaramɓarama, har ta sa shi ya je wurin limaminta ya rantse cewa ita mutuniyar kirki ce. Hausawa suka ce baki shi kan yanka wuya. Ta ambaci mutuwar sarki a gaban mutane, a ƙasar da magana ta zama cin amanar ƙasa.

Ranar 30 ga Afrilu aka kai Mark Smeaton, makaɗin fada, gidan Cromwell, ya amsa cewa ya kwana da sarauniya. Mutanen lokacin sun yi ta cewa azaba aka gana masa, ko da yake babu takardar da ta tabbatar. Abin da ke a fili shi ne, shi kaɗai ne ɗan talaka a cikin waɗanda aka kama, shi kaɗai aka ɗaure da sarƙa, kuma shi kaɗai ya amsa laifi. Ranar 1 ga Mayu Henry ya tashi ana tsakiyar wasan dawaki a Greenwich, ya tafi da Norris, a hanya ya yi masa tayin afuwa in zai amsa. Norris ya ƙi. Washegari aka kama Anne da George aka kai su Hasumiyar Landan, wadda fada ce kuma kurkuku. Aka sauke ta a ɗakunan da ta kwana kafin naɗinta, aka kewaye ta da matan da ba sa ƙaunarta, duk abin da ta furta cikin ruɗewa su kai wa mai tsaron Hasumiyar, William Kingston, shi kuma ya rubuta wa Cromwell. Da haka aka kama Francis Weston, daga wata hirar da ta tuno da bakinta. Aka ƙara da William Brereton.

Tuhumar ita ce zina da maza biyar, har da ɗan'uwanta uwa ɗaya uba ɗaya, da ƙulla kashe sarki. Takardar tuhumar ta ambaci ranaku da wurare, kuma a nan ta karye. Masanin tarihi Eric Ives ya gwada ranakun da bayanan inda fada take a kowane lokaci, ya samu kusan kashi uku cikin huɗu ba za su yiwu ba, ko ita ba ta wurin ko namijin ba ya wurin. An ce ta nemi Norris a Westminster ranar 6 ga Oktoba 1533, suka aikata ranar 12. A lokacin tana Greenwich tana jego, wata guda da haihuwar Elizabeth, a killace cikin mata. Sannan sarauniya ba ta kwana ita kaɗai. Dare da rana akwai mata a ɗakinta da bakin ƙofarta. Ba yadda za a yi ta shigo da maza biyar cikin kusan shekara uku ba da hannun mace ko ɗaya ba, amma ba macen da aka tuhuma. Ki gwada da 1542, lokacin da aka kashe matar Henry ta biyar, Catherine Howard, 'yar kawun Anne: tare da ita aka fille kan matar da ta yi mata kawalci. Har Chapuys, maƙiyinta, ya rubuta cewa ban da Smeaton, an yanke wa mazan hukunci ne kan zato, ba hujja ba iƙirari.

Akwai masanin da ya saɓa, George Bernard, wanda ke ganin mai yiwuwa ta aikata da wasu daga cikinsu. Ya dogara sosai ga wata waƙar Faransanci da wani ma'aikacin ofishin jakadancin Faransa ya rubuta a 1536, mai cewa wata daga matan fada ce ta fara fallasa sarauniya. Ban gamsu ba, domin waƙar labarin da gwamnati ta yaɗa take maimaitawa, kuma ba ta warware matsalar ranakun ba.

Ranar 12 ga Mayu aka yanke wa mazan huɗu hukunci, mahaifin Anne na cikin alƙalan da aka naɗa. Tun da an ce sun aikata da ita, shari'arta ta ƙare kafin a fara. Ranar 13 aka sallami ma'aikatan gidanta. Ranar 15 aka gurfanar da ita a gaban mutum wajen 2,000, kawunta mai sarautar Norfolk ne ke shugabantar zaman, Henry Percy na cikin masu yanke hukunci. Ba lauya, ba a kawo mai shaida ya tsaya gabanta ba. Ta amsa kowace tuhuma cikin natsuwa. Duka suka ce ta yi laifi, aka ce a ƙone ta ko a fille mata kai, yadda sarki ya so. George ya kare kansa da ƙwarewar da har 'yan kallo suka yi ta cacar za a sake shi. Aka miƙa masa wata takarda aka ce ya karanta a zuci, mai cewa Anne ta taɓa faɗin sarki ba shi da kuzari a shimfiɗa. Ya karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Ranar 17 aka fille kan mazan biyar. A ranar kuma Cranmer, wanda makonni biyu kafin nan ya rubuta wa sarki cewa bai taɓa kyautata wa wata mace zato kamar ita ba, ya yanke cewa aurenta da Henry tun asali bai ɗauru ba. Ki dubi wannan da kyau, Malama. In ba matarsa ba ce, wane aure ta ci amanarsa? Ba wanda ya isa ya yi tambayar. Manufar ita ce a sheganta Elizabeth, yarinya 'yar shekara 2 da wata 8.

Kafin a kashe ta, ta kira Kingston ya tsaya shaida, ta rantse a kan Jibin Ubangiji cewa ba ta taɓa cin amanar mijinta ba. Ga mai imani irin na zamaninta, ƙarya a wannan gaɓa sayen wuta ce da hannu, kuma rantsuwar ba za ta ceci ranta ba. Wannan da maganar ranakun su suka fi gamsar da ni. An ɗauko hauni mai takobi daga Calais maimakon mai gatari. Da aka ɗage kisan da kwana ɗaya, ta ce wa Kingston ta ji haunin gwani ne, ita kuma wuyanta ƙarami ne. Da safiyar Juma'a 19 ga Mayu ta hau dandamali, ta ce doka ta yanke mata mutuwa don haka ba za ta yi jayayya ba, ba ta zargi kowa ba, ta yabi sarki ta yi masa addu'a, ta roƙi duk wanda zai duba al'amarinta ya yi hukunci da kyakkyawan zato. Yabon sarki al'adar dandamalin kisa ce, kuma tana da 'ya da iyayen da za ta bari a hannunsa. Abin lura shi ne ba ta amsa laifi ba. Sara ɗaya aka yi. Ba a tanadi akwatin gawa ba, sai a wani akwatin kayan yaƙi aka sa ta, aka binne a ƙaramin cocin da ke cikin Hasumiyar. Washegari aka yi baikon Henry da Jane, ranar 30 ga Mayu aka ɗaura aure.

Raba Henry da Catherine ya ci shekara 6, domin tana da Fafaroma da Sarki Charles a bayanta. Daga kama Anne zuwa binne ta kwana 17 ne. Ba ta da kowa sai son sarki, kuma kotun da za ta ɗaukaka ƙara gare ta an rufe hanyarta tun 1533. Shi ya sa nake cewa Cromwell ne ya saƙa, amma Henry ne mai aikin. Ba takardar da za ta motsa a wannan shari'a ba da yardarsa ba. Cromwell ɗin ma an fille masa kai a 1540.

Dalilin da har yau ake ambatonta kuwa, na farko 'yarta ce. Jane ta haifi Edward a 1537 ta rasu kwana 12 bayan haihuwa. Edward ya yi mulki shekara 6 ya mutu yana ɗan 15. Mary ta yi 5, ta mayar da ƙasar ƙarƙashin Fafaroma, ta ƙone Cranmer da Hugh Latimer, waɗanda Anne ta taimaka suka ɗaukaka. A 1558 Elizabeth ta hau, ta yi shekara 44. 'Yan kwanaki kafin a kama Anne, ta damƙa amanar 'yarta ga limaminta Matthew Parker, kuma shi Elizabeth ta naɗa Akbishop na Canterbury a 1559. A hannunsu cocin Ingila ya zauna da gindinsa, wanda reshensa ne cocin Angalika da kike gani a Wusasa ta Zariya da sauran garuruwanmu.

Za ki kuma ci karo da labaran cewa mayya ce mai yatsu shida. Maita ba ta cikin tuhumar da aka yi mata. Maganar yatsun ta yaɗu ne daga littafin wani limamin Katolika, Nicholas Sander, da aka buga a 1585, mutumin da yaro ne ƙarami lokacin da aka kashe ta, kuma Elizabeth yake son ɓatawa ta hanyar uwarta. Su ma marubutan Furotesta, wato Kiristocin da suka ɓalle daga Katolika, irin su John Foxe sun zarce ta ɗaya ɓangaren, suka mayar da ita waliyyiya.

Ita Elizabeth ba ta cika ambaton uwarta a fili ba, amma ayyukanta sun nuna inda zuciyarta take. Ta jawo dangin uwarta jiki, ta ba ɗan Mary Boleyn, Henry Carey, sarauta, haka ma ɗan Henry Norris. Abin da ba ta yi ba shi ne abin da Mary ta yi a 1553, wato sa Majalisa ta halatta auren iyayenta. Haƙƙinta na gado ya dogara ne kan dokar 1544 da wasiyyar mahaifinta, waɗanda suka sa ta a layin magada ba tare da sun janye shegantawar ba. In ta sake buɗe shari'ar 1536, dole a ce Henry ya kashe matarsa da maza biyar bisa ƙarya, kuma da sunan Henry ɗin take zaune a kan gadon.